Tsagar Masunta a Fuskar Ɗan Sarki

Ku gyara zama, masu bakin gardama. Ta yau ba ta dariya ba ce.

A birnin Malka an yi wani sarki, Dagazau, mugu na ƙin ƙarawa. Wata rana surukinsa Sarkin Aska yana yi masa aski, aska ta ɗan shafci kunnensa. Shi ke nan fa, ya sa aka kashe tsohon. Yalwa, 'yar tsohon, matar sarkin ce, ga ta da tsohon ciki. Ta yi kukan uba a ɗakin wanda ya kashe shi.

Yayyenta uku ne. Korau ya jefar da aska ya ɗauki baka, talakawa suka bi shi daji. A gabansu ya lashi takobi cewa irin Dagazau ba zai saura ba, in ya saɓa ƙarfe ya ci shi. Nomau ya riƙe zabirar ubansu. Tunau kuwa dogari ne, tuwon fada ya gina masa jiki, ya kasa barin ubangidansa.

A fadar nan akwai tambarin da ba a kaɗawa. Da kansa yake gurnani muddin akwai jinin sarauta a raye. Kuma a Malka tsagar fuska ita ce mutum: abin da aska ta zana maka ranar suna shi ne kai, ko a wurin iskokin tambarin.

Yalwa ta haifi namiji. Ba a kai ga suna ba 'yan tawaye suka ci birnin, Dagazau ya faɗi. Amma tambari bai yi shiru ba, kowa ya san sauran jariri.

Tunau ne ya fitar da ita ta wata 'yar ƙofa, da jaririn a cikin rigarsa. Sarki kafin ya cika ya damƙa masa amana: ya kai yaron kan dutse, inda sauran barade ke jira. Da suka iso bakin kogi, unguwar masunta, Yalwa ta tsaya cak. Ta ce, "Yaya, in ka kai shi can, da shi za su yi ta yaƙi har su binne shi. Ni ɗa nake so, ba sarki ba." Tunau ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya hau shi kaɗai, ya ce musu yaron ya mutu a hannunsa. Suka tofa masa yawu, suka tuɓe masa riga, suka watse. Mutumin da bai taɓa cin amana ba, sunansa ya zama zagi a bakin maroƙa. A yawo ya mutu, ba a san kabarinsa ba.

Nomau ta aika wa ranar suna. Wanzaman Malka suna da doka tun kakanni: wanda ya yi tsagar ƙarya, hannunsa ba ya sake riƙe aska. Nomau ya sani sarai. Ya dubi goshin yaron, inda ya kamata ya ja tsagar gidan sarauta, ya sauko da aska kumatu, ya ja ta masunta. Kafin jinin ya bushe, hannunsa na dama ya ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Can a birni tambari ya yi tsit. Zabirar da ya gada ta ƙare a kansa, ya ƙarasa rayuwarsa wasu na ba shi abinci a baki.

To, amma wa ya riƙe jaririn aka yi tsagar? Korau. Da safiyar nan ya biyo sawu, ya tura mutanensa wata hanya, ya iso shi kaɗai da kibiya a baka. Yalwa ta ga fuskar ubansu sak a fuskarsa. Ba ta roƙe shi ba. Ta ce, "Yaya, yau sunan ɗanka ne, ga shi ba mai riƙe shi." Korau ya ajiye baka. Ya karɓi ɗan wanda ya kashe ubansa, ya tallafe masa kai har aka gama. Da ya koma birni, jama'a suka ɗaga shi sama, tambari ya yi shiru, sun ɗauka ya cika alkawari. Suka kawo rawani za su naɗa shi. Ana farkon naɗi takobinsa ya zame daga kube ba wanda ya taɓa shi, ya yanke masa jijiyar cinya, nan take ya cika. Ƙarfe bai manta ba.

Yaron ya tashi Arzika masunci, bai san komai ba sai taru da kwalekwale. Yalwa ba ta taɓa gaya masa ba. In ya dawo daga kogi yana dariya, takan ji daɗi, sai kuma ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ta tsufa tukuf lokacin da matar Arzika ta haifi namiji. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ban san kowa a danginki ba. Ba ni sunan wanda ya fi yi miki alheri a duniya, in yi masa takwara."

Yalwa ta buɗe baki, sunaye uku suka taho tare suka shaƙe ta. Jariri ɗaya ne, suna ɗaya za a raɗa.

Ɗaya ya ba da sunansa, ɗaya hannunsa, ɗaya ransa da sarautar da ta zo masa har ka. To, ku da bakinku ba ya mutuwa, ku fitar da tsohuwar nan: sunan wane ne a cikinsu za ta faɗa?