Wa Ke Riƙe da Igiyar?

Akwai wani tsoho a Kiyeshe, Malam Sallau, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana haƙa rijiyoyi. Da idanunsa suka fara dushewa, ɗansa Ja'afar, mai shago a Dogon Dutsi, ya kai shi wani gari a bakin teku a Aljeriya don a yi masa aiki. Likita bai ɓoye musu ba: ido zai iya dawowa, zai iya tafiya gaba ɗaya.

Tsoho ya ce abu ɗaya yake so kafin aikin, ya ga teku.

Aka nuna musu wani dutse da ake hango tekun daga kansa. Ana hawa ne cikin wani akwatin gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, suna ce masa telefirik.

Suna isa bakin ƙofa, tsoho ya ja ya tsaya.

"Ja'afaru, wanga ai guga ne. Wa ke riƙe da igiyar?"

"Baba, inji ne ke ja."

"Ni ban taɓa shiga rijiya ba sai na san mai riƙe da igiyata. Ba ni shiga."

Masu layi suka fara dariya, ga rana ta yi sanyi, an kusa rufewa. Kun san 'yan birni da gudun kunya. Ran Ja'afar ya ɓaci, har ya kama hannun uban zai ja shi ciki. Sai ya lura tsohon tsoro yake ji, kuma bai taɓa ganin ubansa ya ji tsoro ba. Tausayi ya kama shi.

Ya bar layin, ya yi ta roƙo da Faransancinsa na kasuwa, har aka kai su ɗakin mai kula da injin. Malam Sallau ya kama hannun mutumin, ya tambayi sunansa da na ubansa.

"Sunansa Yazid, Baba. Ya ce ba ya barin wurin sai kun sauko."

"To, yanzu mu tahi."

A akwatin ƙarshe suka hau. Da suka kai sama, tsoho ya daɗe yana kallo, hawaye na zuba.

"Duk wanga ruwa, ba wanda ya haƙa? Allahu Akbar."

Washegari aka yi aiki, amma ido bai dawo ba.

Yau in ka je Kiyeshe za ka same shi a ƙofar gida yana ba mutane labarin teku. In an yi masa jaje sai ya ce, "Ku bari. Abin da na gani na ƙarshe ya ishe ni, kuma ɗana bai ja ni ba, jirana ya yi."

Darasi: Tsoron iyayenmu yana da dalili, ko da mu ba mu gane shi ba. Ka yi musu haƙuri yau, ba ka san ko wannan ce dama ta ƙarshe ba. Ka tura wa duk wanda iyayensa ke raye.