Gorar Sabara

An ce wai an yi wani sarki mai ɗakin magani, goruna ɗari rataye a bango, duk kama ɗaya, sai zaren wuyansu ne ya bambanta. Baba Nomau ne mai kula da su shekara arba'in. Idonsa ya yi rauni, amma hannunsa ya san hanya.

Rannan cikin sarki ya murɗa, aka ce a kawo garin sabara. Nomau ya ɗauko, sarki ya sha, ya kwana biyu yana sambatu. Ashe zaƙami ne. Fada ta cika da ƙus-ƙus. Jatau, wani mai magani da ya daɗe yana hangen matsayin Nomau, ya ce, "Mai shekara arba'in a aiki ba ya irin wannan kuskure. Sayensa aka yi." Tsoro ya kama Nomau, domin hukuncin mai ba sarki guba kisa ne. Har shi ma ya fara zargin kansa.

Aka miƙa shari'ar ga Alƙali Tukur. Ya kai Nomau da Jatau ƙofar ɗakin maganin, ya ce, "Jatau, ka taɓa shiga nan?"

"Allah ya gafarta malam, ko sau ɗaya."

"To, Baba, ɗauko sabara."

Kafin Nomau ya duba, hannunsa ya kai kan gora ta uku daga ƙofa. Zaƙamin ne dai. Ya ce, "Ai a nan sabara take tun zamanin mahaifin sarki."

Alƙali ya ce, "Neme ta da zarenta, ai kore ne."

Nomau ya bi goruna ɗaya bayan ɗaya. Kowane zare sai ya ja idonsa, ya manta inda ya tsaya, ya koma farko. 'Yan fada sai haɗa ido suke yi.

Alƙali ya ce, "Jatau, kai mai ido garau, taimaki dattijo."

Jatau kuwa da rawar jiki ya miƙe zuwa lungu, ya ciro gorar, bai ko kalli sauran ba.

Alƙali ya ce, "Idon tsoho yana zuwa inda ya saba. Idon baƙo kuwa, komai kaifinsa, sai ya nema. Naka bai nema ba, Jatau, domin kai ka sauya musu wuri."

Gorar ta suɓuce daga hannun Jatau, dogarai suka yi gaba da shi. Nomau ya durƙusa ya kwashe garin, ya mayar da gorar wurinta, ta uku daga ƙofa, yana share hawaye.

Saboda haka, idan tsoho ya kuskure abin da ya saba, a fara tambayar wanda ya taɓa masa kaya.