Tankin Cindo

Tun ba a san ƙarfe zai iya tafiya da kansa ba, dajin da ke bayan Dutsen Kurma ba shi da masu shi sai ɓauna da kura. Maharbi ɗaya ne ke ratsa shi, Cindo ɗan Barmo, mai yatsa shida a hannun da yake jan baka. Kirarinsa: na Tasalla gatarin daji, mai sa kura cin ciyawa.

Wani rani ya harbi wata tsohuwar ɓauna. Kibiya bakwai a jikinta, ba ta faɗi ba. Ya bi jininta yini biyu har ta durƙusa a gindin dutsen, ta soka ƙahonta a ƙasa, ta mutu. Da ya zare ƙahon, sai ruwa ya biyo. Nan ya kafa bukka, ya je ya ɗauko matarsa Tasalla. Dokarsa ɗaya ce, wadda ya gada a gidan ubansa: randar baƙo ake cikawa kafin ta gida.

Bayan damina tara masu shimfiɗa layin dogo suka iso, ƙishi yana kayar da leburorinsu. Cindo ya kai su idon ruwan. Suka sa famfo, suka ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe, domin jirgin ƙasa na wancan zamani gawayi yake ci, ruwa yake sha. Sau biyu a yini yake tsayawa. Cindo bai taɓa kiransa jirgi ba, sai dai ya ce baƙona.

Mutane suka yi ta zuwa, masu tuwo, mahauta, maƙera, 'yan dako. Tasalla ce ke ƙidaya, kuma turmi take ƙirgawa, don ta ce wanda ya kawo turmi ya zo zama. Shekarar farko goma sha biyu ne. Ta rayu har ta ƙirga ɗari uku da arba'in. Babu mai taɓa fartanya a cikinsu. Hatsi ma jirgi ke kawowa.

Cindo ya tsufa, idonsa ya dushe. Wata Talata da hantsi ya ji kukan jirgi, ya jira ƙarar birki, bai ji ba. Jirgin ya wuce, ya bar mata tsaye da farantan abinci a ka.

Mai kula da tasha ya zo ya durƙusa gabansa. "Baba, sabon inji ne. Mai yake sha, ba ya shan ruwa. An ce mu kwance famfo mu tafi."

"Ba abin da zai taso daga kudu har nan bai ji ƙishi ba," in ji Cindo. "Fushi ya yi. An bar masa tanki rabi."

Ya sa doka: kowane gida ya hau tsani ya juye tulu a tanki kafin a kai ruwa ɗaki. Shekarar kuwa idon ruwan ya ja baya, sai an yi layi ana kwalfa da ƙoƙo.

Tasalla ta same shi a zaure. "Maigida, jikokinka na lasar randa, kai kana shayar da ƙarfe."

"Baƙo ne."

"Baƙon da ya wuce ko sallama babu? Karen gidan nan ya fi shi ladabi. Saki mutane su yi gona tun da sauran ƙarfinsu."

"Ran da ya waiwayo ya tarar da tanki bushe, da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanne kake kallon mu yanzu?"

Bai janye dokar ba. Ba wanda ya iya yi masa musu, don shi ya ba su ruwan tun farko. Sai suka riƙa ɗaure kaya da asuba suna bin dogo a ƙafa. Tasalla ta ƙirga turmi casa'in, damina ta zagayo ta ƙirga arba'in, daga nan ta daina.

Ranar da zai rasu, da walaha, ya kama hannunta. "An cika?"

"An cika."

"To, zai tsaya."

Yau turmi tara ne a Tashar Cindo. Ƙaya ta rufe dogo, gindin tankin ya ruɓe. Duk Talata matan da suka rage sukan hau tsanin da tulu ɗaya, su juye, ruwan ya zube ta ƙasa suna kallo. Sun san ba abin da zai zo. Amma tsohon bai sallame su ba kafin ya tafi, kuma ƙaramar cikinsu ta haura sittin.