Alkakin Gidan Malam Barau

Ranar Laraba ce, ashirin da shida ga azumi. Zafi ake yi, ko ganye ba ya motsi.

Malam Barau na zaune a zaure ƙanensa Sallau ya shigo daga birni. Shekara talatin dangi suna haɗuwa a gidan Barau ran ƙaramar Sallah, abin da kuma ke tara su alkakin matarsa Iya Delu ne. Bara ta rasu.

Sallau ya ce, "Yaya, bana a dawo gidana kawai. Zan sayo kek na kanti. Wa zai taso tun daga nesa ya tarar da tasa babu komai?"

Barau ya ce, "Za su tarar da alkaki."

"Kai za ka murza?"

Barau ya san in taron ya tashi sau ɗaya, ya bar gidan ke nan har abada. Ya aika wa 'ya'yansa mata uku a gidajen aurensu, suka zo kafin la'asar.

Babbar, Kande, ta buɗe rumbu ta tarar gara ta cinye alkamar. Ta kasuwa kuwa garin inji ce mai laushi, ba ta yin alkaki. Washegari da azumi a bakinta ta taka har fadama, ta bi manoma gida-gida, sai a gida na tara ta sami jar alkama kwano huɗu. Ta ɗauko a ka. Ta ƙi kai wa inji, ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta barza da hannu har tafinta ya yi kanta. Ta kwaɓa da nono da mai, ta rufe a ƙwarya.

Iya Delu kwana uku take barin kwaɓi, su ma suka ƙirga uku. Sun manta ita a ɗakin ƙasa mai sanyi take ajiyewa, su kuwa a ɗakin kwano suka sa. Ran jajibere da hantsi aka buɗe, tsami ya bugi hanci har zaure. Kande ta dafe kai. Ga shi kowa na azumi, ba wadda ta yarda ta kai harshe, in kuma aka jira buɗa-baki lokaci ya ƙure. Sai ta tsakiya, Tasalla, ta jiƙa kanwa. Tana ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan, tana murzawa, tana kai hanci. Kande ta ce, "Ke dai za ki ƙarasa mu. Ƙara mana!" Tasalla ta ce, "Yaya, bar ni." A ɗigo na bakwai ta tsaya ta ce, "Ƙanshin hannun Iya ke nan." Da ta ƙara ko cokali guda, da ɗaci ya kashe shi.

Aka ɗora mai. Kashin farko da aka jefa ya watse kamar tsaki. Na biyu ma haka. Barau yana jin su daga zaure, ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa. Auta, Yalwa, wadda kullum ake cewa ba ta iya komai ba sai surutu, ta ture yayyenta. Ta zare itace biyu daga murhu, wuta ta kwanta. Ta shafa man shanu a tafi, ta murza siriri, ta naɗe shi zagaye biyu, ta saka a hankali. Bai watse ba. Tun azahar take gaban wuta, tana soyawa tana tsomawa a zuma da zafinsa, har aka kira magariba. Leɓenta duk ya bushe, amma ba ta bari kowa ya karɓe ta ba.

Ran Sallah gida ya cika har ƙofar zaure. Sallau ya iso da kwalin kek ɗinsa. Barau ya miƙa masa alkaki guda. Sallau ya gatsa, zuma ta gangaro masa a gemu. Ya daɗe yana taunawa.

Wata gwaggonsu tsohuwa ta ce, "Sallau, ina kek ɗin naka? Ko mu bai wa kaji?"

Aka kwashe da dariya. Sallau ya miƙa hannu ya ce, "Yaya, ƙaro biyu. Baɗi ma nan za mu zo."

Washegari da safe Barau ya shiga ɗakin marigayiya, ya fito da tasarta ta jan ƙarfe, wadda ta gada wurin uwarta. Al'adar gidan, wadda ta riƙe tasar ita ce uwar alkakin dangi, kuma tasa ba ta rabuwa uku. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya ajiye a tsakar gida, ya kira su ukun. Ya dubi Kande, ya dubi Tasalla, ya dubi Yalwa.

To, ku da kuka ji, wacce a cikinsu zai miƙa wa tasar?