Tsirkiyar da Yaya Ya Sassauta

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnuwanku. An yi wani mutum mai sana'ar ɗaure raket, abin nan da ake buga ƙwallon tenis da shi. A kan inji yake saƙa tsirkiya, ya ja ta daidai yadda ɗan wasa yake so. Shi ma ya buga wasan da ƙuruciya, bai kai ko'ina ba. Ƙaninsa, wanda ake kira Auta a gida, shi Allah ya ba.

Auta ya shiga sahun ƙwararru, ya ce ba mai taɓa masa raket sai Yaya. Tare suke hawa jirgi, daga wannan gasa zuwa waccan. Sauran 'yan wasa in an miƙo musu raket, sai sun buga shi a tafin hannu sun saurari ƙararsa. Auta karɓa kawai yake yi, ya ce, "Yaya, Allah ya bar mu tare," ya wuce fili.

A farkon kakar wasa, a filayen daɓe, Auta ya ɗauki kofi biyu.

Ɗakin masu ɗaure raket yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, ba taga. Tafi yana saukowa ta rufi kamar ruwan sama a kan kwano. Mutumin nan sai ya lumshe ido, hannunsa na kan inji. Ya ga kansa cikin fararen kaya, rana ta yi sanyi, fili ya yi faɗi, ƙwallo na tahowa a hankali, ba ta son kowa sai shi. Ya ji dubban mutane suna kiran sunansa. In ya buɗe ido, sai tsirkiya da almakashi. Mafarkin ido biyu laifi ne? A'a. Amma shi kullum da ɗaci a baki yake dawowa.

Aka koma filayen jar ƙasa. Ranar wani wasan ƙarshe, ya sassauta tsirkiyar kaɗan. Kaɗan fa, abin da ido ba ya gani. Ya ce wa ransa sau ɗaya ne, yaro ya ɗanɗana faɗuwa kada kansa ya kumbura. Kun ji Shaiɗan? Har da nasiha yake zuwa!

Tsirkiya in ta yi sako-sako, ƙwallo zarcewa take yi. Ranar nan ƙwallayen Auta suka riƙa sauka bayan layi da faɗin yatsa. Ya sha kashi. Yayansa ya rungume shi, yana jin wani sanyi a zuciya wanda rabonsa da shi an daɗe.

Sau ɗaya ya zama ɗabi'a. A filayen ciyawa aka fitar da Auta a zagaye na biyu, a gasa ta gaba a zagayen farko. Ya zargi idonsa, ya zargi takalminsa, ya zargi kansa. Don ya hana ƙwallo zarcewa, sai ya fara murɗa wuyan hannunsa fiye da ƙima. Hannu ya kumbura. Wa kuke zato yake naɗa masa bandeji kowace safiya? Yayan nan ne. Yana ganin kumburin da idonsa, bai daina ba.

A ƙarshen kakar wasa, a wani fili mai rufi, jijiyar hannun Auta ta tsinke ana tsakar wasa. Likita ya ce Auta da tenis sai dai kallo.

Da yammacin ranar wani abokin wasansa ya ari ɗaya daga sabbin raket ɗin da suka rage a jaka don atisaye. Bugu uku ya yi ya tsaya. Ya kira mai horar da Auta, aka auna guda biyar, duka a sassauce suke.

Washegari da hantsi mutumin nan ya shiga ɗakin asibiti. Mahaifiyarsu na zaune bakin gado. Auta bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya ce, "Yaya, da ka ce mini in daina wasan, wallahi da na daina."

Aka karɓe katin da mutumin nan yake shiga filaye da shi. Labari ya zaga, ba ɗan wasan da ya sake miƙa masa raket. Ya koma gida. In ya gaida mahaifiyarsa tana amsawa, amma bango take kallo. Yana nan da ransa, yakan zauna gaban injinsa ya lumshe ido yana jiran tafin nan. Ba ya zuwa.

Ya 'yan uwa, wannan ita ce hassada. Ba ta ƙara wa mutumin nan kofi ko ɗaya ba. Ta karya hannun da yake riƙe da shi, ta raba shi da wanda ya fi kowa yarda da shi a duniya. Kai da kake zaune nan, wa ya miƙa maka amanarsa bai ko duba ba? Matarka ce, ko ƙaninka, ko abokin aikinka? In ka ji ƙirjinka na ƙunci saboda alherin da ya samu, yi masa addu'a tun hannunka bai motsa ba.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga ƙyashin 'yan uwanmu, kada ka sa hannunmu ya cuci wanda ya amince da mu. Allah ya kiyaye mu. Amin.