Makullin Ɗaki Mai Lamba Tara

Akwai wata dattijuwa ana ce mata Inna Kadi, 'yar Belbeji, a tsoffin gidajen ma'aikatan wata masaƙa can kudu, inda ta yi aikin shara a da. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, har awaki ke kwana cikinta, amma ma'aikatan da iyalansu ba su tashi ba. Layinsu Inna ɗaki goma sha biyu ne, duk mutanen ƙasar Damargu, can arewa.

Tun zamanin da injuna ke kuka suna da al'ada. Da ruwan shuka ya sauka, masu gona a gida sai su tafi, kowa ya bar wa Inna makullin ɗakinsa. Takan zura su a igiya ta rataya a wuya, in tana tafe ka ce jaki ne da ƙararrawa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba ta nasa ba: Rissa, tsohon shef, wato shugaban sashen rini, mai ɗaki lamba tara. Kai, Rissa akwai ji da kai! Ya taɓa ce mata a gaban jama'a, "Ni in ba masu share ƙurar auduga makullina? In dawo in tarar da katifa ta yi ƙafa?" Inna ta ji zafin maganar ƙwarai, amma ta haɗiye.

Bana, tsakiyar damina, sai ga wakilin sabon kamfanin da ya sayi wurin. Ya ce duk ɗakin da aka samu a garƙame, babu mai buɗe shi, an ɗauka an bar shi ne, za a karɓe.

Inna ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa. "Wannan na Dado ne, yana gona a Tanut, ga tukwanen matarsa. Wannan na Yahaya." Wakili na gyaɗa kai har suka iso lamba tara. Kwaɗo biyu manya, shiru.

"Hajiya, ran Alhamis zan dawo," in ji wakili. "In ba a buɗe ba, shi ke nan."

Aka yi ta kiran wayar Rissa, ina! Gonarsa na bayan Tenhiya, inda babu rezo, waya ba ta shiga. Maƙwabta suka ce, "Inna, ƙyale shi, shi ya ja wa kansa. Ko a fasa kwaɗon."

"In muka fasa, maganarsa ta tabbata," ta ce. "In muka ƙyale, 'ya'yansa shida ina za su? Ni zan je."

Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau mota zuwa Damagaram, daga nan zuwa Tanut, daga nan ta bi amalanke, ruwa ya yi mata dukan tsiya a hanya. Ran Talata da hantsi ta same shi duƙe cikin hatsi da hauya.

"Inna Kadi? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ɗakinka ne zai tafi jibi. Ko ka taso, ko ka ba ni makulli."

Rissa ya dubi gonar. Ciyawa ta kusa cinye hatsin, in ya tafi abincin shekara ya salwanta. Ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, kunya ta rufe shi.

"Inna, bayan abin da na faɗa miki?"

"Ka faɗa, kuma ban manta ba. Miƙo, malam, amalanke na jirana."

Ran Alhamis wakili ya tarar da ita zaune bakin lamba tara, ƙofa a wangale, taɓon hanya bai ma bushe a zanenta ba. Ya leƙa, ya wuce.

Bayan kaka Rissa ya dawo da iyalinsa. Inna ta kwance makullin daga igiya ta miƙa masa. Ya ɓoye hannuwansa a baya, idonsa ya ciko.

"Bar shi a wuyanki, Inna. Ya fi zama lafiya a nan."

Darasi: Kada ka raina maƙwabci don ka fi shi muƙami, ranar da ba ka nan shi ne zai tsaya a ƙofarka. Kai kuma da aka ɓata wa rai, kada ka bar zafin magana ya hana ka aikin alheri. Ku tura wa maƙwabtanku, musamman wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.