Manomi da Ƙashin Yawo

Akwai wani manomi mai gona a bayan gari, yana kuma kiwon awaki. Wata shekara ƙashin yawo ya fito a gonarsa. Ciyawa ce mai ƙananan furanni rawaya, 'ya'yanta kuwa ƙaya ne masu manne wa duk abin da ya taɓa su. Mutumin ya yi sakaci, bai nome ta ba sai da ta yi 'ya'ya.

Da ya tuge ta ya tara, matarsa ta ce, “Maigida, bari ta bushe mu sa mata wuta.”

Amma akwai wani tsoho da suke iyakar gona, sun taɓa yin cacar baki a kan iyakar, abin kuwa bai fita daga ran manomin ba. Sai ya ce a ransa, “Don me zan ƙone ta? Bari shi ma ya ɗanɗana.” Ya kwashe tarin duka ya watsa a gonar tsohon. Tsohon yana kwance ba lafiya, bai ma san an yi ba.

Bayan girbi aka saki dabbobi su ci kara. Awakin manomin suka yi ta kiwo a gonar tsohon, kowace yamma su komo gida da ƙaya manne a gashinsu. Ta zube a turke, ta gauraya da taki. Da bazara mutumin ya kwashi takin da hannunsa ya baza a gonarsa.

Ruwa na sauka, sai ga ƙashin yawo ko'ina, a kunya, a tsakar gida, har bakin rumbu. Ya shaƙe gyaɗar da manomin ya shuka tun tana ƙarama. Matar tana zaune tana cire ƙaya daga tafin ƙafarta, ta ce, “Wa ya yi mana wannan mugunta?”

Mutumin ya ce, “Ni ne.”

Ya tashi ya je wurin tsohon ya faɗa masa kome. Tsohon ya ce, “Na yafe maka, ɗana. Amma ciyawa ba ta jin yafiya, sai fartanya.” Damina uku manomin ya yi yana noman gonakin nan biyu kafin ƙayar ta ƙare.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Ƙashin yawo shi ne fushin da muke riƙewa har ya yi 'ya'ya. Wutar ita ce addu'a da gafara, inda ya kamata mu kai shi tun da wuri. Wanda ya ƙi, ya zuba nasa a kan ɗan'uwansa ta wurin tsegumi ko ramuwa, zai tarar da shi a bakin 'ya'yansa da cikin ɗakinsa. Allah yana gafarta wa mai tuba nan take, amma gyaran ɓarna yakan ɗauki shekaru. In akwai wanda kake riƙe da shi a zuciya, je ka same shi yau.